Ranar da Gunya Ya Kwantar da Kunne

Ga ta nan ga ta nanku, ku da kuka cika mini tabarma.

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

To, ku matso. Kai Mantau, zauna nan damana inda hannuna zai kai gare ka. Kai kuma Cindo, zo nan hagu, ka daina ɓoye mini goshin nan da hula, tun da rana na ga ƙulun. An tambaye ka, ka ce ƙofa ce ta buge ka. Ƙofar gidan nan tun kafin a haifi ubanku take tsaye, ban taɓa jin ta yi kokawa da kowa ba. Amma ba shari'a na zauna yi ba, tatsuniya zan yi muku.

A wani ƙauye can bakin fadama an yi wani tsoho mai kiwon doki, sunansa Barmo. A zamanin nan mutum da dabba suna jin maganar juna. Barmo ba shi da garke, goɗiya ɗaya gare shi, ta tsufa a hannunsa, ana ce mata Bidi. Wata damina Bidi ta haifi ɗa baƙi wuluk, aka sa masa Akawal. A daminar nan kuma goɗiyar maƙwabcinsa ta haihu ta mutu, ta bar ɗa fari-fari mai siraran ƙafafu, ko tsayuwar kirki ba ya iya yi. Maƙwabcin ya ce wannan ba mai rayuwa ba ne. Barmo ya ce a ba shi. Ya sungumo shi ya kawo wa Bidi, ta shinshina shi, ta gyara tsayuwa ta ba shi nono. Shi ne Gunya.

Don tausayin maraya, Barmo ya kafa musu turke ɗaya, ya ɗaure su tare, ya sassaƙa musu komi ɗaya inda yake zuba musu dusa da gero. Ya ce, "Tare kuka sha nono, tare za ku ci."

Kwanci tashi, Akawal ya zama ingarma, ƙirji ya buɗe, kofato kamar akushi. Gunya kuwa ya tsaya ɗan tsamurmuri, sai ido da zuciya. Amma Barmo bai ga wannan ba, shi dai har yanzu 'yan jariransa biyu yake gani. Haka idon tsoho yake, ni ma ubanku da gemunsa yaro nake ganin sa.

Kada ku ce gaba ce tsakaninsu. Wallahi ƙaunar da dawakan nan ke yi wa juna, sai wanda ya gani. In ƙuda ya dami Gunya, Akawal ke kaɗa masa wutsiya. In aka yi tsawa, jikin Akawal yake shigewa. Sai dai wasansu wasan dawaki ne, a ciji wuya, a miƙe a kan ƙafafun baya, a juya a yi harbi.

Tun suna ƙanana Bidi ta koya musu doka ɗaya. Ta ce, "'Ya'yana, in wasa ya yi zafi, ga ƙura ga haniniya, ba mai jin maganar wani. Kunne ake kallo. Duk wanda ya ji zafi ya kwantar da kunnuwansa baya. Wanda ya ga haka kuwa, ko ƙafarsa tana sama, ya sauke ta. Kun ji ko?"

Suka ce, "Mun ji, Inna."

Haka suka tashi, ana wasa ana tashi lafiya.

To, ga Gizo. A tsagar katangar bargar da dawakan suke ciki yake zaune, ciki a lafe, shekarar ba ta yi masa kyau ba. Kun san Gizo, in aka ce noma sai ciwon baya ya tashi, in aka ce ci sai ya warke. Yana leƙe yana leƙe, sai ya lura da wani abu. Duk ranar da wasa ya yi tsawo, sai an ture komi, dusa da gero su zube a ƙasa, shi kuma ya lallaɓo ya cika cikinsa. Ranar da Gunya ya kwantar da kunne da wuri kuwa, komi na nan daram, Gizo ya kwana da yunwa.

Gizo ya ce a ransa, "Ashe kunnen yaron nan ne ke hana ni cin abinci."

Ya bari sai da Akawal ya juya yana shan ruwa, ya haura ƙafar Gunya, ya maƙale a gezarsa. Kun san shi da tsamin baki.

"Shannu Gunya, shannu ɗan maraya. Kai, tausayinka nake ji."

Gunya ya ce, "Tausayin me, Gizo?"

"Ai duk gari ana maganarka. Har jakuna dariya suke yi. Wai kai ba a taɓa ka sai kunne ya kwanta, wai don nonon aro ka sha shi ya sa ba ka da ƙashi. In ka ci gaba da haka, yayanka ma zai gaji ya nemi abokin wasa na gaske."

Maganar nan ta soki Gunya. Ba dariyar jakuna ce ta dame shi ba, tsoron kada Akawal ya gaji da shi ne. Maraya ba abin da yake tsoro kamar a bar shi.

Ya ce, "To yaya zan yi?"

"Ka tsayar da kunnenka ƙiƙam. Ko me ka ji, kada ka bari ya motsa."

Gizo ya sauka, ya zaga, ya haura wutsiyar Akawal.

"Shannu ingarma. Ka ga ƙanenka ya girma? Ya ce mini wasanka ya yi masa sanyi, kamar da tunkiya yake yi. Kai dai dubi kunnensa. In dai yana tsaye, ƙari yake so."

Akawal ya yi murna har ya yi haniniya. Ya ce, "Ashe ƙanena ya zama namiji! Madalla."

Da aka fara wasa, Akawal ya kama wuyan Gunya da haƙori, ya dubi kunne, kunne na tsaye. Ya ƙara matsawa, kunne na tsaye. Suka yi ta zagaya turke har komi ya kife, Gizo ya ci ya yi gyatsa. Da yamma Barmo ya ga jini a wuyan Gunya.

"Kai, me ya same ka?"

Gunya ya ce, "Ƙaya ce, Baba."

Barmo ya wanke wurin da ruwan ɗumi, ya shafa man kaɗanya, ya je ya sare 'yar ƙayar da ke bakin danga, ita da ba ta ci ba ba ta sha ba.

Da ciwon ya ɗan kame aka koma wasa. Akawal ya juya ya saki ƙafa, ta sami Gunya a haƙarƙari, tim! Numfashinsa ya ɗauke, duniya ta juya masa, kunnuwan suka fara komawa baya da kansu. Sai ya hango Gizo a kan katanga yana girgiza kai. Ya cije, ya miƙe su tsaye. Akawal ya waiwayo, ya ga kunne a tsaye, ya ƙara masa. Komi ya kife, Gizo ya ci har ya ɗebi na gobe.

Barmo ya ga kumburi ya ce, "Wannan kuma fa?"

"Turke na buge, Baba."

Bidi tana ɗaure can gefe, idonta ya yi rauni amma kunnenta yana ji. Da Barmo ya tafi ta ce, "Gunya, numfashinka ba daidai yake ba. Ko wasan ya fi ƙarfinka?"

Ya ce, "Lafiya lau, Inna."

Ta ce, "Akawal, kana kallon kunnensa kuwa?"

"Ina kallo, Inna. Ko motsi ba ya yi."

Amma ran tsohuwa bai kwanta ba.

Ranar wasa ta uku ita ce mummunar. An yi ruwa, ƙasa ta yi santsi, Akawal ya kwana a ɗaure jikinsa yana tsuma da ƙarfi, bai sami inda zai zubar da shi ba. Suka miƙe, suka zaga turke, suka sake zagawa, igiyoyinsu suka sarƙe. Igiyar Akawal ta naɗe ƙafar Gunya ta gaba. Gunya ya ja, ba hanyar gudu, turke ɗaya ne. A daidai nan kofaton Akawal ya sauka a kan ƙafar. Gunya ya faɗi cikin taɓo, ya yi wata ƙara da har kajin gidan suka watse. Amma kunnuwan nan, don taurin kai, suna tsaye.

Wannan karon a kan idon Barmo aka yi. Ya sheƙo ya yanke igiya, ya durƙusa yana laluben ƙafar. Kun san doki in ƙafarsa ta karye, shi ke nan, ba ya sake tashi. Allah ya taimaka ƙashin tsagewa ya yi, bai rabu ba. Barmo ya gasa wurin, ya ɗaure da kara da tsumma, sannan ya miƙe ya dubi Akawal da jan ido.

"Ashe kai ne ƙayar, kai ne turken! Maraya ka samu kake neman kashewa? Fatake suna bakin kasuwa, in gari ya waye za su tashi. Zan ba su kai, su tafi da kai inda ba za ka ƙara ganin sa ba."

Akawal ya ce, "Baba, wasa muke yi. Kunnensa bai kwanta ba."

"Rufe mini baki! Wa zai sha wannan duka kunnensa bai kwanta ba?"

Ya ja shi can bayan gidan ya ɗaure a jikin tsamiya. Aka zuba masa harawa, ko kallo ba ta ishe shi ba. Ƙaton dokin nan ya sunkuyar da kai, hawaye na bin fuskarsa. Ba tafiyar ce ta fi ci masa rai ba, ƙarar da ƙanensa ya yi ce ke ta dawo masa. Can cikin barga kuma Gunya yana kwance, an cika masa komi shi kaɗai, bai taɓa ba. Ni dai duk su biyun tausayi suke ba ni, ban san wanda ya fi ba.

Gizo ya ga abu ya wuce inda ya nufa. Shi dusa yake so, ba karaya ba. Tsoro ya kama shi kada asiri ya tonu, ya lallaɓo wurin Gunya.

"Shannu da jiki. Ka dai yi shiru, ka ji? In ka ce kai ka ƙi kwantar da kunne, laifin zai dawo kanka. A ce ga rago, ga maƙaryaci."

Sai Bidi ta yi magana daga inda take, a hankali. Ta ce, "Gunya, ban san abin da ya faru ba, ba kuma zan matsa maka ba. Amma na san ɗana Akawal bai taɓa ganin kunne a kwance ya ƙara ba. In akwai maganar da za ta hana a tafi da shi, a bakinka take, ba a nawa ba."

Gari ya waye. Barmo ya kwance Akawal ya ja shi za su fita. Da yake ba a ɗaure Gunya ba saboda ciwo, sai ya yunƙura ya tashi, ya faɗi. Ya sake yunƙurawa, ya faɗi. A na uku ya tsaya a kan ƙafa uku, ya yi ta ɗingishi har ƙofar gida, ya gicciya a bakinta.

Barmo ya ce, "Kai, koma ka kwanta, za ka ƙarasa ƙafar!"

Gunya ya dubi Barmo, ya dubi Akawal. Sannan a gaban kowa, har da jakunan maƙwabta da ke leƙowa ta danga, ya kwantar da kunnuwansa baya, lif, har suka manne da wuya.

Ya ce, "Baba, da zafi. Tun ranar farko da zafi. Ba ƙaya ba ce, ba turke ba ne. Ni na ƙi kwantar da kunne, don Gizo ya ce in ina yi Yaya zai gaji da ni. Yaya bai sani ba. Kada ka ba da shi."

Akawal ya ce, "In gaji da kai? Ni da Gizo ya ce mini kai ne kake son ƙari! Haba ƙanena, da ka motsa kunnen nan ko kaɗan, da na gwammace in harbi dutse."

Ya sa hancinsa a wuyan Gunya, daidai tabon haƙorinsa, ya kasa ɗagowa. Ba jakin da ya yi dariya.

Barmo ya saki igiya ya zauna a ƙasa daɓas. Ya daɗe yana kallon su, babba da ƙarami, kamar ranar ya fara ganin su. Ya ce, "Kai Akawal, yaushe ka yi wannan girman? Ni ne na ɗaure ingarma da ɗan wannan a turke ɗaya, ina cewa tausayi nake yi. Na ba ku komi ɗaya kuna gwara kai, na hana ƙaramin wurin gudu. Fatake su yi tafiyarsu."

A ranar ya tumɓuke tsohon turken. Da farko ya ce zai kai Akawal gabas, Gunya yamma. Bidi ta ce, "A'a, mai gida, in ka yi haka kewa ce za ta kashe su. Ka kafa inda hanci zai taɓa hanci, amma kofato ba zai kai ba." Barmo ya kafa turke biyu, ya gwada da igiya, ya ga sun yi kusa, ya cire ya matsar. Ya sake gwadawa, sun yi nisa, ya dawo da ɗaya. A na uku ya sa Akawal ya miƙa wuya, ya taɓa ƙanensa. Ya ce ya juya ya yi harbi iya ƙarfinsa, ya harba, iska kawai ya samu. Barmo ya ce, "Yauwa, nan ne." Ya sassaƙa komi na biyu, kowa da nasa. Ya ɗauko wuƙa ya rage kaifin kofaton Akawal.

Da ƙafar Gunya ta warke, ba a ƙara wasa a turke ba. Fadama ake kai su, fili fetal, ba igiya a wuyan kowa. Sai an fara sakin Akawal shi kaɗai ya yi sukuwa har ya jiƙe da gumi, sannan a saki Gunya, Barmo yana zaune a inuwa yana kallo. In Gunya ya kwantar da kunne, Akawal ya tsaya cak, su huta, su koma. Ƙafar dai ba ta dawo yadda take ba, har ya tsufa in an yi sanyi tana masa tsami.

To Gizo fa? Komi ya daina kifewa, yunwa ta koro shi. Wata rana ya biyo su fadama yana sanɗa, ko zai sami abin tsinta, sai ya ji inuwa ta rufe shi. Akawal ne.

"Gizo, sannu. Kai da ka iya shirya wasa, yau da kai za a yi. Dokar ɗaya ce, in ka ji zafi ka kwantar da kunne."

Gizo ya shafa kansa ta dama, ya shafa ta hagu, ba kunne. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ni..."

Akawal ya hura masa hanci, Gizo ya wuntsila cikin ciyawa. Akawal ya dubi kan Gizo, ya ce, "Ban ga kunne a kwance ba, ƙari kake so." Ya maka masa wutsiya, Gizo ya yi sama ya faɗo a taɓo yana kiran uwarsa. Akawal ya ce, "Har yanzu ban gani ba." Ya ɗaga kofaton nan mai kama da akushi, daidai kan Gizo.

Sai Gunya ya shigo tsakani da ɗan ɗingishinsa, ya tsaya a kan Gizo, ya kwantar da nasa kunnuwan.

Ƙafar Akawal ta tsaya a sama. Ya ce, "Ai ba kai na taɓa ba."

Gunya ya ce, "Na sani, Yaya. Shi ba shi da kunnen da zai kwantar, na ara masa nawa. Na san yadda ake ji in ana shan wuya an kasa cewa a bari."

Akawal ya sauke ƙafarsa a hankali, gefe guda. Gizo ya tashi da gudu, bai tsaya ba sai rufin barga, can sama inda kofato ba ya kaiwa. Shi ya sa har yau in kun shiga barga, a saman za ku ga yanarsa. Gunya kuma, da yake ya san yunwa ce ta sa Gizo ya yi haka, kullum in yana ci sai ya ture 'yar dusa da leɓe ta zuba ƙasa. Ku lura da doki in yana ci, za ku ga har yau suna yi.

To, kun ji. Mai ƙarfi ya riƙa duban fuskar wanda yake wasa da shi, don hannunsa ya fi yadda yake zato nauyi. Ƙarami kuma in ya ji zafi ya faɗa, faɗar ba ragwanci ba ce, ɓoyewar ce ke jawo a raba shi da wanda yake so. Mu manya kuma mu buɗe ido mu ga yara sun girma, mu ba su fili, mu zauna kusa.

Ku ba ku da kunnen doki, amma Allah ya ba ku baki. Cindo, me kake cewa ƙasa-ƙasa? Ɗaga murya, kunnena ya tsufa.

"Ba ƙofa ba ce, Kaka. Kokawa muka yi da Yaya Mantau. Da zafi."

Na ji. Kai Mantau, ba dukan ka zan yi ba, daina wannan sunkuyar da kai. Ga man kaɗanya can a ƙoƙo bayan randa, ɗauko. Da hannunka za ka shafa masa, kuma a hankali.

Kungurus kan kusu, tatsuniya ta koma inda ta fito.